Kwanon da Yake Dawowa Wayam

Ban zaɓi Arlit ba, tura ni aka yi. Na gama karatun likita a Yamai, aka ce sai na zauna ƙarƙashin wani babban likitan cututtukan ciki na koyi aiki kafin a sake ni in yi gaban kaina. Abokan karatuna masu uwa a gindin murhu suka samu wurare a kudu, ni kuwa ɗan Damagaram da ba shi da kowa a ofis aka nuna mini arewa. A lokacin tawayen Abzinawa ya yi zafi, mota ba ta fita daga Agadas ita kaɗai, sai an tara ayari, sojoji gaba sojoji baya. A kan buhunan shinkafa na shiga garin, jakata a cinya, ina ta tsine wa wanda ya sa hannu a turo ni.

Garin da na tarar ba shi ne wanda muke jin labari muna yara ba, lokacin da duk wanda ya tafi Arlit yake dawowa da rediyo da agogon hannu. Kasuwar yuraniyom ta faɗi, kamfanonin haƙa sun sallami ma'aikata da yawa. Fari ya cinye dabbobi, makiyaya sun taru a bayan gari cikin bukkokin kwali da tsohon langa-langa. Kamfanonin suna da asibitocinsu masu sanyi da magani, amma na ma'aikatansu ne da iyalansu. Wanda aka sallama da wanda bai taɓa shiga ba, duk namu ne, mu na asibitin gari.

Babban likitan da aka damƙa ni hannunsa Ba'adare ne daga wajen Tawa, gajere mai ƙatuwar murya. Malam muke ce masa, don ya ce kowane mai sayar da ƙwaya a tasha ma doktor ne. Kullum da safe muna zagayen marasa lafiya, abin da muke kira bizit, yana gaba ina biye. In muka tsaya a gaban gado sai ya juyo ya ce, "To, ɗan Damagaram, mi ka gani?" In na fara kawo masa abin da na haddace, sai ya ɗaga hannu ya ce ba abin da littafi ya gani ya tambaye ni ba. Na ji haushinsa ƙwarai a farkon zuwana, don ni ma ina ji da kaina. Amma a wurinsa na koyi ƙwanƙwasa ƙirji in gane inda ruwa ya tsaya, na koyi sunsuna numfashin mai ciwon sukari, na koyi ajiye maganin allurar sukari cikin tulu mai jiƙaƙƙen yashi duk ranar da wutar lantarkin da ake kawo mana daga Anu Araren ta ɗauke firji ya mutu.

Ɗakin maza ɗaya ne, dogo, gadaje jere biyu suna kallon juna. Masu aikin jinya ba su da yawa, asibiti kuma ba ya dafa wa kowa abinci, dangi ke kawowa, su ke wanki, su ke zubar da fo. Saboda haka shugaban masu aikin jinya, wanda muke kira majo, ya fito da wata dabara tun kafin zuwana. In aka kwantar da mutum biyu ƴan gida ɗaya, sai ya haɗa gadajensu kusa da juna, don mai jinya ɗaya ya ishe su. Kowa yana yaba wannan dabara, har da ni. Na ga ta yi wa wa da ƙane amfani, na ga ta sauƙaƙa wa wata tsohuwa mai jinyar ƴaƴanta biyu.

Cikin mutum biyun da zan ba da labarinsu, tsohon shi ya fara zuwa. Ba'abzine ne dogo, makiyayin raƙuma wanda fari bai bar masa ko akuya ba. Zuciyarsa ta gaji, ƙafafu sun kumbura, ruwa ya taru masa a huhu. Irin wannan ciwon ba ya barin mutum ya kwanta, da ya miƙe sai numfashi ya sarƙe, don haka zaune yake dare da rana, an jingina shi da bango, idonsa biyu. Muka ba shi gadon da ke jikin tukunyar iskar oksijin. Ita kaɗai gare mu, ta ƙarfe ce mai tsayin mutum, kuma in ta ƙare sai ayari ya kawo wata. Rawaninsa baƙi ne, amawalin ya rufe baki da hanci, kuma bai yarda ya sauke ba. Ta ƙarƙashin amawalin na zura masa robar iskar, yana kallona da idanu masu dariya. Ƴarsa ce take jinyarsa, mace siririya mai goyo, ba ta da yawan magana.

Bai daɗe ba sai ga matar nan ta sake shigowa da wani majinyacin a kan amalanke. Mijinta ne. Da can direban babbar motar kwasar dutse ne a ramin haƙa, yana cikin waɗanda aka sallama, ya koma tsintar tsofaffin ƙarafa yana sayarwa. Ƙarfe ya huda masa tafin ƙafa, ga ciwon sukari da bai san yana da shi ba, gyambon ya ruɓe har yana wari. Da majo ya ji cewa mace ɗaya ce za ta yi jinyar uba da miji, sai tausayi ya kama shi. Nan take ya sa aka matsar da wani mai ciwon hanta, aka kwantar da mijin a gadon da ke dab da na tsohon. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Matar ta dubi gadajen biyu, ta dubi majo.

Malam ya ce mai ƙafar nan nawa ne, a kansa zai gane ko na iya wani abu. Na ɗaura ɗamara. Ina wanke gyambon da kaina, ina yanke ruɓaɓɓen nama, ina yi masa allurar sukari kafin abincin rana da na yamma. Ita wannan allura sharaɗinta ɗaya ne, in an yi ta dole a ci abinci, in ba haka ba sukarin jini ya faɗi ƙasa mutum ya suma, in ba a yi sauri ba ya wuce. Na bayyana masa wannan da Hausa, na sa aka maimaita masa da yarensu, ya gyaɗa kai. Da na zare allura kuwa sai in fita, don lokacin cin abinci ɗakin na dangi ne. Mu ma a lokacin muke tsallaka titi wurin wata Bakatsiniya mai shinkafa da wake.

Ban gama cin rabin kwanona ba ranar da aka fara aiko mini. Na tarar da shi ya jiƙe sharkaf da gumi, jiki na rawa, idanu sun juye. Na ɗura masa ruwan sukari ta jijiya ya farfaɗo. Na ce ƙila allurar ta yi yawa, na rage. Sukari ya haura sama, gyambon ya ƙara ci. Na ƙara kaɗan, ya sake suma. Haka muka yi ta yi, mutum yana ramewa a gabana, rigarsa tana yi masa yawa. Malam ya zargi ƙoda, muka duba, lafiya lau. Ya zargi hanta, ya zargi tarin fuka da ya ɓuya a ciki, babu. Kowace safiya a bizit nakan tambaye shi, "Kana dai cin abinci ko?" Sai ya ƙara jan amawalinsa sama, ya sunkuyar da kai, ya ce alhamdulillahi. In leƙa ƙarƙashin gado in ga kwanon a wanke, wayam. In dubi matar, ta dubi ƙasa.

Wata safiya Malam ya ja ni waje ya ce, "In ƙahwar ga ba ta juyo ba kahin ayari ya zo, mu sa shi mota ya tahi Agadas a yanke. In ya kai." Ranar ko shinkafar Bakatsiniya ban iya ci ba. Mutumin ba shi da aiki, surukinsa ba shi da dabba, shi kaɗai ke nemo abin da ake sawa a baki a bukkar nan. In aka yanke ƙafar, ba shi kaɗai aka yanke ba.

Ana cikin haka tsohon ya kira ni da hannu. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, ba ruwanta da mace da namiji. Ya ce, "Likita, ɗaki nan ya yi mini kaɗan. A kai ni waje."

Na ce, "Baba, waje ina? Iskarka tana nan."

Ya ce, "Waje ma akwai iska. Na Allah."

Na yi masa bayani, na lallashe shi, daga baya na fara faɗa, don ina da saurin hawa. Na ce masa in ya rabu da robar nan kwanansa zai ragu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya zura hannu ƙarƙashin amawali ya zare robar, ya naɗe ta a hankali kamar igiyar raƙumi, ya miƙo mini. Kowa a ɗakin ya ce halinsu ne, mutanen daji ba sa son rufi a kansu. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, na tafi wurin Malam ina huci. Malam ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya ce, "Bar shi ya hita. Mutum ya hwaɗa maka inda shi ka son numfashi, kai wa?" Aka fitar da gadonsa baranda, ɓangaren da inuwa ke daɗewa, aka jingina shi da buhun ƙaiƙayi.

Washegari da rana na yi wa mai ƙafa allurarsa na fita. Na kai bakin titi sai hankalina ya ƙi kwanciya da tsohon, na juyo in duba shi. Hanya mafi kusa ta cikin ɗakin maza take. Ina shiga na tsaya cik. Mai ƙafa yana zaune a kan gado, amawali a ƙasan haɓa. Ranar na fara ganin bakinsa. Kwano na tsakanin cinyoyinsa, yana kai loma, kafin ya haɗiye wata ya kai wata, miya na gangaro masa a gemu. Matarsa ta juya masa baya tana jijjiga goyo, tana share ido da gefen mayafi. Ya ɗago ya gan ni, bai fasa ba. Na dubi wurin da gadon tsohon yake da, fili, sai tukunyar iska tsaye ita kaɗai.

Ba sai an gaya mini ba. Ni Bahaushe ne, na tashi na ga mahaifina yana wuni a gidan kakana na wajen uwa ba ya ko kurɓar ruwa, sai mun fito ya tsaya a kasuwa ya sayi fura. Abzinawa kuwa sun fi mu riƙon wannan. Namiji ba ya sauke amawali gaban surukinsa, balle ya buɗe baki ya tauna abinci. Ga tsoho kuma ba ya barci, yana zaune ido biyu dare da rana, kamu ɗaya daga gadonsa. Mai ƙafa ya gwammace ya suma da ya ci a gabansa. Dukkanmu mun san surukuta a gidajenmu, amma da mun sa farar riga sai mu bar ta a ƙofa, mu koma ganin gado da ciwo kawai.

Na samu matar a bakin famfo tana wanke kwanon. Na ce, "Baiwar Allah, abincin da kike kawowa duk kwanakin nan, ina yake tafiya?" Ta ce tana mayar wa yara a bukka, wani lokaci ta ba masu jinya na kusa. Na ce me ya hana ta gaya mini.

Ta ce, "Likita, ku kuka haɗa su. Mun ce ko haka aikinku yake." Ta ɗauraye kwanon ta kife, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ka ga zamanin da ake ciki. Irinmu in ya samu gado a gidan gwamnati, ba ya buɗe baki ya ce a canza masa."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. A lokacin duk mai baƙin rawani abin zargi ne a shingen sojoji, mu kuma ba mu taɓa tunanin tsoron nan yana biyo su har cikin ɗakinmu ba.

Da na gaya wa Malam, ya zauna a kan benci ya ce, "Hausawa na yi ma Abzinawa tsiya da gyaran ganga, a zo gyara a ɓata. Wanga karon mu munka yi gyaran." Majo kuwa, mutumin kirki, har ya kasa haɗa ido da matar. Shi ya fara kawo shawara a mayar da tsohon ciki a rataya zane tsakanin gadajen. Matar ta girgiza kai ta ce zane yana tare ido, ba ya tare kunne. Mayar da ɗayansu ƙarshen ɗaki ma ba zai raba su ba, tunda ɗaki ɗaya ne kowa na ganin kowa. Ɗayan ɗakin da muke da shi na masu tarin fuka ne. Abin da ya rage shi ne a yi musanya, mai ƙafa ya fito baranda, tsoho ya koma ga iskarsa.

Ni aka tura in gaya masa. Na durƙusa a gefen gadonsa, na rasa ta inda zan fara, don maganar ba irin wadda ake faɗa kai tsaye ba ce. Na ce, "Baba, za mu canza wa wancan wuri, kai ka koma ciki."

Ya ce, "Wane wancan?"

Na ce, "Maƙwabcinka na gado."

Ya ce shi bai san zancen kowa ba, shi ɗaki ne ya yi masa kaɗan. Ya tsaya ya ja numfashi, don magana tana gajiyar da shi. Sai ya nuna mini ƙudajen da ke yawo a barandar, da yashin da iska ke watsowa a kan bargonsa, ya ce mai ɗanyen ciwo ba ya zama a nan. Na ce shi fa, numfashinsa fa. Ya ce, "Yaro, lokacin fari, in ruwa ya yi kaɗan a rijiya, taguwa mai nono ake fara ba. Tsohon amale yana jira." Daga nan ya lumshe ido, na gane an sallame ni.

Ban haƙura ba. Na roƙi Malam ya bar ni in riƙa fitar masa da tukunyar duk lokacin da babu mai bukatarta a ciki. Ni da majo muke mirgina ta, muna nishi, masu jinya na yi mana dariya wai likitoci sun koma dako. Tsohon yana karɓar robar ba musu, har ya ɗan samu sauƙi. Sai aka kawo wani direba daga Assamaka, ciwon haƙarƙari ya kama shi, leɓɓansa sun yi baƙi. Tsohon ya ga an shige da shi ta gabansa. Kafin in zo neman tukunyar har ya zare robar ya naɗe.

A ciki kuwa abubuwa suka juya. Mai ƙafa yana ci, allura ta daidaita, bai sake suma ba. Gyambon ya daina wari, jan nama ya fara tasowa daga ƙasa. Wata safiya Malam ya buɗe ƙafar ya daɗe yana dubawa, ya juyo ya ce, "Ɗan Damagaram, mi ka gani?" Na ce na ga ƙafa. Ya ce shi ma ita ya gani. Ayari ya zo ya koma ba tare da shi ba.

Na riƙa zama wurin tsohon bayan la'asar, in na gama aiki. Ba wata hira muke yi ba, numfashin bai bari. Wani lokaci ya ambaci sunan wata rijiya, ya tambaye ni ko a Damagaram ruwa yana da nisa. Na so mutumin nan, so irin wanda ban yi tsammani ba, kuma ina jin haushinsa a lokaci guda, don ina kallon ƙafafunsa na ƙara kumbura ba abin da zan iya. Tun daga ranar da aka kawo mijin ƴarsa har ya bar ɗakin, ban taɓa jin sun yi wa juna magana ba, ban taɓa jin ɗaya ya ambaci sunan ɗaya ba. Sau ɗaya kawai, wata yamma, ya tambaye ni yana kallon wani wuri daban.

Ya ce, "Mutumin ciki. Ƙafa yana nan?"

Na ce, "Tana nan, Baba. Ba za a yanke ba."

Ya ce, "Kwano fa?"

Na ce, "Shi yake cinyewa, har yana neman ƙari."

Idanunsa suka yi wannan dariyar tasu. Ya ce madalla, ya nemi ƴarsa ta ba shi ruwa.

Bai daɗe bayan wannan ba. Wata rana da hantsi Allah ya karɓi ransa, yana jingine da buhunsa, ƴarsa na riƙe da hannunsa. Na saurari ƙirjinsa na tabbatar, na koma bayan ɗakin magani na yi kukana inda Malam ba zai gan ni ba. Da na dawo an miƙar da shi, karon farko tun zuwansa, an lulluɓe shi da bargo ana jiran masu wanka.

Sai na ji ƙwas ƙwas daga cikin ɗakin maza. Mai ƙafa ne, ya ari sandar wani, yana dogarawa. Ban ba shi izinin taka ƙafar ba tukuna, amma ban hana shi ba. Ya fito a hankali, yana dafa bango, amawalinsa a sassauce don ya gama karin kumallo ke nan. Da ya iso bakin ƙofar baranda ya hango bargon, sai ya tsaya. Ya jingina sandar a jikinsa, ya sa hannu biyu ya ja amawalin sama har ƙarƙashin idanu, ya gyara shi sosai, sannan ya ƙarasa.